Tsanwa da Dangin Masu Awo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Wata shekara Sarkin Ƙwari ya sa aka yi shela, kowane ƙwaro ya zo gindin tsamiya ya shiga cikin danginsa. Wanda rana ta faɗi bai sami dangi ba, to rabon Ƙadangare ne, mai gadin ƙofa.

Akwai wata 'yar faɗa-wuta, irin ƙwarin nan masu fukafukai da ke kewaya fitila. Sunanta Tsanwa. Koriya ce shar, kamar sabon ganyen zogale, da siririn farin zane a fiffikenta. Ni dai ban taɓa ganin mai kyanta ba.

Ta je wurin su malam-buɗe-littafi. Suka ce ta sauka su gani. Ta sauka, ta shimfiɗa fukafukanta. Suka ce su in sun sauka haɗe nasu suke yi, ta ƙara gaba.

Ƙadangare ya gyaɗa kai.

Ta je wurin fara. Fara suka ce launin dai nasu ne, amma ina ƙafar tsalle? Ta ƙara gaba.

Ƙadangare ya gyaɗa kai.

Ta je wurin faɗa-wuta, danginta na jini. Su kuwa duk ruwan toka ne da ruwan ƙasa. Suka dube ta sama da ƙasa, suka ce mai wannan kwalliya ba tasu ba ce. Wannan ita ta fi yi mata ciwo.

Ƙadangare ya gyaɗa kai, ya lashi baki. Rana ta yi ja.

Tsanwa ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa gaban Sarki ta ce, "Ranka ya daɗe, kowa rigata yake kallo. A bar rigar, a dubi tafiyar 'yata."

Sarki ya ce ina 'yar take. Ta ce ga ta nan a reshen da ke bisa kansa, tun safe. Aka duba, aka duba, aka sake dubawa, ba a ga komai ba sai ɗan tsinke. Har Ƙadangare mai idon tsiya bai gan ta ba.

Tsanwa ta ce, "Taso, 'yar nan."

Sai tsinke ya motsa. Ashe tsutsa ce. Ƙafafu a gaba, ƙafafu a baya, tsakiya babu. Ta miƙe, ta lanƙwasa, ta jawo baya. Ta miƙe, ta lanƙwasa, ta jawo baya, kamar mai auna zane da taƙi.

Wata tsohuwar faɗa-wuta mai ruwan toka, Iya Tokari, ta ratso taro. Ta ce, "Haka na yi tafiya ina ƙarama. Haka 'ya'yana suke yi. Mu ne Masu Awo. Zo nan, 'yar ƙanwata, mun yi miki laifi."

Sarki ya sa aka ba su wuri ɗaya. Ƙadangare ya kwana da yunwa, har yau yana nan yana gyaɗa kai.

Da Tsanwa ta tsufa, koren ya koɗe, ta koma ruwan toka kamar sauran. Amma jikokinta suna nan suna auna reshe.

Ku da kuke saurare, in za ku nemi dangin mutum, kada ku tsaya a kan rigarsa, ku dubi tashinsa.

Ƙurunƙus, na sauke ta kan ɗan ɓera. In da ƙarya a ciki, ta Gizo ce.