Ƙamshin Bagaruwa a Ƙofar Baya

An ce a Birnin Gwarjo an yi wani sarki, Jatau, wanda uwarsa ta rasu yana ɗan wata biyu. Tambai, matar wani majemi, ita ta shayar da shi, ta goya shi tana tsaye a bakin kwatarniyar jima. Da ya girma ya ci sarauta, sai ya fara jin nauyin a san haka.

Ranar sunan ɗansa na fari, manyan baƙi suka cika fada tun da hantsi. Aka raɗa masa cewa Tambai ta iso. Ya dubi rigunan baƙi masu ƙamshin turare, ya ce a tsayar da ita a ƙofar baya, a miƙa mata cinyar rago ta koma. Ya faɗa dai, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya, sai ya zaga bayan soro.

A can akwai wani tsohon Kunkuru da ke gidan tun zamanin kakan sarki, ya ga komai, kuma bakinsa ba ya da linzami. Ya leƙo da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ka tuna mini da Madugu Barmo da baduku."

Sarki ya ce, "Me ya faru tsakaninsu?"

Kunkuru ya ce, "Barmo jagoran fatake ne, mai girman kai, ga shi an ce girman kai rawanin tsiya. A ayarinsa akwai wani baduku, Gambo. Barmo ya hana shi shan ruwa a ƙwaryar jama'a, wai hannunsa na warin fata. Rannan suka yi kwana biyu ba ruwa, suka iske rijiya mai zurfi. Aka zura guga, aka jawo, sai ga shi a yage. Kowa ya juya yana kallon Gambo. Ya zauna ya zaro basilla, yana ɗinki yana cewa, 'Madugu, ka san abin da randa ta ce wa guga?' Barmo, da leɓe a bushe, ya ce bai sani ba.

"Gambo ya ce, 'Randa tana zaune a inuwa, an kafa ta cikin yashi, an rufe ta da faifai. Kullum guga ya zo duk laka, sai ta ce, tsiyaya daga nesa, kada ka taɓa mini baki. Guga ya zuba mata ruwa ya koma rijiya. Ranar da igiyarsa ta tsinke ya faɗa rijiya, randa ta yi murna ta huta da ƙazami. Kwana uku sai ta bushe ƙayau, masu gida suka fara zuba mata dusar awaki. Sannan ta gane duk sanyin da ake yabonta da shi, wani ke shiga rami ya ɗauko mata.'

"Gambo ya gama ɗinki, ya ɗebo ruwa, ya cika ƙwarya ya miƙa wa Barmo da hannu biyu. Barmo ya kasa sha. Ya ce, 'Kai za ka fara.' To, ranka ya daɗe, shi Barmo ruwa kawai aka ba shi. Kai kuwa nono ka sha."

Maganar ta soki sarki har cikin rai. Kunya ta kama shi, ya tashi da sauri har takalmi ɗaya ya zame, bai tsaya ɗauka ba.

Ya iske Tambai ta ɗora ƙunshin nama a ka, ta juya za ta tafi. Ta tsufa ƙwarai, yatsunta sun rine da jima. Da ta gan shi sai ta fara ƙoƙarin durƙusawa, ya riga ta kai gwiwa ƙasa.

Ya ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Haba ɗan nan, tashi kada a gan ka. Ni ma ban so in shiga in ɓata maka taro da warina ba. Wannan kawai na kawo wa jaririn." Ta zaro wani ɗan buzu fari, mai laushi kamar auduga. "Wata uku ina murza shi. Kai ma a kan irinsa ka koyi zama."

Sarki ya kai buzun fuskarsa. Ƙamshin bagaruwa ya daki hancinsa, nan take ya tuna bayan da yake barci a kai yana yaro. Hawaye suka zubo masa, bai ɓoye ba.

Ya sauke mata ƙunshin, ya riƙe hannunta, suka zaga ta babbar ƙofa. Ya shimfiɗa buzun, ya zaunar da ita kusa da shi, ya sa aka ɗauko jaririn aka ɗora mata a cinya. Ya dubi baƙi ya ce, "Ga uwata. Wanda warinta ya dama, ya sani da shi aka raine ni."

Da taro ya watse, ya koma bayan soro ya ce, "Kunkuru, na ji, na kuma ɗauka."

Kunkuru ya ce, "Madalla. Ga takalminka nan, na tsare maka. Shi ma fata ne."