Sabon Mai a Kan Tsoho

Akwai wani mutum, manomi ne a wani ƙauye na bakin fadama, ana kiransa Baban Afiniki. Yana da mota a-kori-kura wadda ya gada daga mahaifinsa. Motar nan ta sha tafiya. Agogon da ke ƙirga nisan tafiyarta ya cika ya koma farko, ya sake cika, daga baya ma ya gaji ya tsaya cak. Mutanen gari suna kiranta Tsohuwa. In suka ji tarinta da safe sai su ce, "Tsohuwa ta farka." Suna yi mata dariya, amma duk garin babu wata mota sai ita.

Tsakanin ƙauyen da babbar kasuwa akwai wani hawa mai tsawo. Kowace shekara in tumatir ya nuna a lambuna, Tsohuwa ce take hawa da kwandunan mutanen gari. Tumatir kuwa kun san halinsa, ba ya jiran kowa. In aka tsinke shi yau, jibi ya fara zubar da ruwa. Ranar da motar nan ta tsaya a tsakiyar hawa da kaya a bayanta, wahalar rani guda ta gidaje da yawa ce za ta ruɓe a bakin hanya.

Mutumin nan shi yake gyaran motarsa da hannunsa, yana kuwa alfahari da haka. Amma yana da wani abu a ɓoye wanda ko matarsa bai faɗa wa ba. A ƙasan inji akwai wani kwano inda baƙin mai yake taruwa, a gindin kwanon kuma akwai noti. Shi ake kwancewa a juye tsohon mai kafin a zuba sabo. Shekara huɗu da suka wuce, ya ɗauki sifana wadda ba daidai ba, ya murɗe notin da ƙarfi har haƙoran notin suka cinye, mai ya fara ɗiga. Gyaran ba wuya, aikin mai walda ne. Sai dai a makon da abin ya faru ne ya tsaya a gaban rumfar Baba Haggai mai walda, a idon jama'a, ya bugi ƙirji ya ce shi motarsa ba ta bukatar hannun kowa. Kunya ta hana shi komawa. Sai ya kwaɓa gam mai ƙarfi ya liƙe notin ya yi shiru.

Tun daga ranar bai sake juye mai ba. Ƙari kawai yake yi. In ya zaro ƙarfen awon mai ya ga ya sauka, sai ya buɗe daga sama ya zuba sabo, ya sake aunawa, ya ce wa ransa, "Ai ga shi cike."

To, ana saura kwana tara a fara tsinkar tumatir, sai ya zauna a gindin mangwaro da bayan kwalin sabulu da guntun fensir, yana tsara aikin da zai yi wa Tsohuwa. Matarsa, Maman Afiniki, tana gefe tana wanke wake, gama ita ƙosai take toyawa kowace safiya a ƙofar gida. Ba ta san tuƙi ba, amma tana da kunne.

Ta ce, "Baban Afiniki, muryar motar nan ta canja. In ta tashi da safe akwai wani ƙwanƙwasa, kamar mutum ne a ciki yake buga ƙofa."

Ya ce, "Tsufa ne. Ke ma in kika tashi da safe ai gwiwarki tana magana."

Ta yi dariya ta ce, "To, karanta mini abin da ka rubuta."

Ya gyara murya ya karanta mata: zai canja fambel mai juya fankar inji, zai wanke lagireto mai sanyaya inji, zai ɗaure birki, zai goge kan batir, zai sayi baƙin mai galan guda.

Ta ce, "Man nan, juyewa za ka yi ko ƙari?"

"Ƙari."

"Yaushe rabon da in gan ka kwance ƙarƙashinta? Daron nan da ka ƙwace mini don tarar tsohon mai, yana can rataye a zaure, gizo-gizo ya yi gida a ciki har ya yi jikoki."

Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Ke da kaskonki, ni da motata."

Ta ci gaba da wanke wakenta.

Kashegari da safe ta kawo masa ƙosai a faranti kamar kullum. Ya duba ya ga sun yi duhu, amma yunwa ta sa ya jefa ɗaya a baki. Ɗaci da ƙauri suka cika masa baki, ya tofar.

Ya ce, "Kai! Wannan wane irin ƙosai ne? Da me kika toya?"

Ta ce, "Da sabon mai, maigida. Man gyaɗa mai kyau, jiya aka matse shi."

"Ƙarya ne!"

"Ba ƙarya ba ne. Ƙonannen man nan da nake tarawa a gwangwani don hura wuta, shi na fara zubawa, sa'an nan na ƙara sabo ludayi biyu a kai. Je ka duba da idonka, kaskon cike yake har baki."

Mutumin ya tsaya da farantin a hannu. Ya dubi matarsa, ya dubi motar da ke tsaye a gindin mangwaro. Sa'an nan ya zauna a kan turmi, ya faɗa mata labarin notin daga farko har ƙarshe.

Ta ce, "Na daɗe da sanin akwai wani abu a ƙasan motar nan. Kowane gefe kana shafawa, amma in ka zo wajen sai ka ɗauke kai."

Ya ce, "Ina tsoro ne. In na buɗe na tarar cikin ya lalace fa? Saura kwana takwas."

Ta ce, "In ya lalace, ai ya lalace ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba."

Sai ya tashi ya ɗauko kwalin sabulun nan. A can sama, bisa dukan abin da ya rubuta, ya sa: in cire kwanon ƙasa. Ya ja layi biyu a ƙarƙashinsa har fensirin ya huda kwalin. Ya je zaure ya sauko da daron, ya kakkaɓe saƙar gizo-gizo.

Ya ɗaga gaban motar da jak, ya tokare ta da kututtura biyu, ya shimfiɗa buhu ya kwanta rigingine. Tun da notin gindi ba ya buɗuwa, dole ya kwance kwanon gaba ɗaya, ƙananan notuna goma sha shida a kewaye, wasu sun yi tsatsa. Ya bi su ɗaya ɗaya. Sifana ta kuɓuce ta fasa masa yatsa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Da kwanon ya saki ta gefe guda, baƙin abu ya zubo, rabi a daro, rabi a hannunsa da gemunsa.

Ana cikin haka wani maƙwabcinsa mai lambu, Istifanus, ya zo wucewa. Ya leƙa ya ga ƙafafu biyu a waje, ƙarafa a baje a tabarma. Ya riƙe baki.

"Baban Afiniki! Tumatir ya yi ja a lambu, kai kuma yau ka ga damar zubar da hanjin Tsohuwa a ƙasa? Shekara nawa tana tafiya a haka, ka bar ta mana ta wuce kakar nan!"

Daga ƙarƙashin motar ya amsa, "Gara ta zube a ƙofar gidana da ta zube a kan hawa da kwandunanka, Istifanus."

Da ya janyo kwanon zuwa haske, sai ya leƙa ciki. Abin da ya kwanta a gindi ba mai ba ne kuma, ya daskare kamar kwalta, sai da ya sa cokali yana kankarewa. Akwai wata 'yar rariya ta ƙarfe wadda inji yake tsotso mai ta cikinta. Ta toshe ƙiris ya rage, ƙofar da ta saura ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Dukan sabon man da ya yi shekara huɗu yana zubawa, ta wannan 'yar kafa yake kokawar wucewa. Abin da yake ƙwanƙwasawa ke nan da safe: injin ne yake juyi da ƙishirwa, ga mai kuwa cike a ƙarƙashinsa.

Ya wanke rariyar da kananzir har haske ya ratsa ta. Ya wanke kwanon. Saura abu guda, shi ne kuma mafi nauyi. Ya ɗaura kwanon a bayan keke, ya bi ta tsakiyar gari da rana tsaka, har rumfar Baba Haggai. Akwai mutane zaune a benci.

Tsohon ya ɗaga baƙin gilashinsa ya ce, "A'a! Babban injiniya da kansa? Hanya ka ɓata?"

Mutanen suka yi dariya. Baban Afiniki ya ajiye kwanon a ƙasa, ya cire hularsa ya ce, "Baba, ban ɓata hanya ba. Ni na lalata notin nan da hannuna, na liƙe shi don kada in zo wurinka, saboda maganar banza da na yi a nan. Ka gafarce ni, ka taimake ni."

Dariya ta tsaya. Baba Haggai ya juya kwanon, ya ƙwanƙwasa gam ɗin da guduma, ya ce, "Tun yaushe?"

"Shekara huɗu."

Tsohon ya girgiza kai. "Ɗana, aikin da bai kai dahuwar shinkafa ba ka yi shekara huɗu kana dakonsa? Ni maganar taka ma na manta da ita tun a makon. Riƙe mini nan."

Kafin inuwa ta juya ya gama.

Kwana uku mutumin ya yi yana mayar da komai wurinsa, yana bin kwalinsa layi layi. Ya sa sabuwar filta mai tace mai, ya zuba sabon mai a kwano mai tsabta. Da ya tayar da injin, shi da matarsa suka tsaya suna kasa kunne. Tsohuwa ta yi tarinta kamar kullum, amma mai buga ƙofar nan ya yi shiru.

Ranar tsinka aka loda mata kwanduna har sama. Ta kama hawan a hankali, tana nishi, hayaƙi na bin ta, Istifanus a gefen direba ya damƙe ƙofa yana addu'a a fili. Ba ta zama sabuwa ba, Tsohuwa dai Tsohuwa ce. Amma ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙoli, tumatir kuwa ya isa kasuwa da raɓarsa.

Da ya komo gida, Maman Afiniki ta ce, "To, tun da an gama, a ba ni darona."

Ya ce, "A'a, daron nan ya zama na Tsohuwa. Bayan wata uku zan sake bukatarsa."

Ma'anar misalin nan kuwa, 'yan'uwana, ga ta. Motar ita ce ran kowannenmu, kayan da ke bayanta kuma su ne mutanen da Allah ya ɗora mana, 'ya'ya da miji da mata da maƙwabta. Sabon mai shi ne wa'azin da muke ji, da waƙoƙin yabo, da addu'ar safe, da taron zumunta. Duka abubuwa ne masu kyau, babu na yarwa. Amma da yawa cikinmu ƙari kawai muke yi. Kowace Lahadi muna buɗewa daga sama a zuba mana, a ƙasa kuwa akwai notin da muka liƙe tun shekaru: ƙaryar da ba mu taɓa furtawa ba, gabar da muke yi da 'yar'uwa muna zaune da ita benci guda a sujada, maganar da muka yaɓa wa wani muka ƙi komawa mu ce mun yi kuskure. In aka auna mu da ido, cike muke. Amma ƙosanmu yana ɗaci, mutanen gidanmu ne suke ci, su ne kuma suke jin ƙwanƙwasar tun kafin mu yarda.

Hawan nan yana gaban kowa. Ciwo ne, ko rashi, ko jaraba, ba ya kuma aiko da rana. Ba a kan hawa ake kwance kwano ba.

Ku lura kuma, abin da ya tsare mutumin nan shekara huɗu ba wuyar gyara ba ce, kunyar tafiya rumfa ce. Ubangiji Yesu ba ya yi wa mai tuba dariya, ba ya kuma tambaya don ya kunyata. Sau da yawa ma wanda muke tsoron fuskanta ya daɗe yana jiranmu da hannu buɗe.

Saboda haka kada mu tashi daga nan muna cewa misalin ya yi daɗi, wannan ma ƙari ne. Wanda yake da notin da ya liƙe ya san inda yake, ba sai an nuna masa ba. Ya rubuta shi a saman kwalinsa, ya sauko da daro, ya tafi tun tumatir bai nuna ba. Ubangiji ya ba mu ƙarfin kwanciya a ƙasa. Amin.