Turbon Motar Gawa

An ce wai a wani gari da ke gindin tsauni an yi wani Sarkin Makanikai mai suna Sallau, dattijo mai ƙarancin magana, wanda duk rigimar da ta fi ƙarfin gareji gabansa ake kai ta. A zamaninsa ne tsohuwar maƙabartar garin ta cika, aka yanki sabuwa can saman tsaunin. Hanyar zuwa gare ta guda ce tak, wani dogon hawa da ake kira Hawan Maiki, dutse a dama, kwazazzabo a hagu.

Motar gawa ɗaya garin yake da ita, tsohuwar bas mai shan gas, an toshe tagoginta na baya da ƙarfe. Direbanta wani bawan Allah ne, Tanimu. To, ga abin da ya hana mutane sakewa. Idan motar nan wofi ce, lafiya lau take haye tsaunin. Amma da zarar an ɗora makara, masu rakiya sun biyo baya, sai ta kai tsakiyar hawan ta fara nishi, ta yi nauyi kamar an riƙe ta ta baya. Ran da aka ɗauko gawar wani tsohon mahauci, motar mutuwa ta yi ɗungurungum, ta kama silalowa bakin kwazazzabo, da ƙyar jama'a suka tare ta da duwatsu. Tsofaffi suka ce mamatan ne ba sa son hawan. Tanimu kuwa ya rantse a daidai wurin nan yakan ji ƙamshin kafur ya cika gaban motar da rana tsaka, alhali akwai bangon ƙarfe tsakaninsa da gawa. Tsoro ya kama shi ƙwarai, don ya san in ta sake yi masa haka, tare da wanda ya ɗauko za a binne shi.

Makanikai suka ce ba aljani ba ne. In motar wofi ce da gudu Tanimu ke tunkarar hawan, in kuwa da gawa dole a tafi a hankali, ga injin ya tsufa, ga iskar sama ba ta da kauri. Maganin abin, in ji su, a ɗaura mata turbo, wato na'urar da hayaƙin salansa ke juya ta, ita kuma ta riƙa ɗura wa inji iska don ya ƙara ƙarfi.

Dillalai biyu suka kawo kaya. Barau ya zo da wani ƙaton turbo da aka kwance daga babbar mota, girmansa kamar tulu, yana ta sheƙi. Ilu ya zo da ƙarami, bai fi ƙwaryar fura ba. Ai kuwa idon 'yan kwamitin masallaci, masu kula da motar, ya tafi kan babban. Barau kuma, Allah ya yi masa baki, ya ce abin da ya ja tirela cike da siminti ai ba mutum ɗaya a likkafani zai gagare shi ba. Ilu ya ce babban turbo barci yake yi sai inji ya yi ruri sosai yake farkawa, motar gawa kuwa ba ta ruri; ranar da ya farka ma, tsohon injin nan fashewa zai yi. Barau ya ce hassada ce. Kowa ya rantse, kowa ya kawo shaidu.

Nan Tanimu ya je ya durƙusa gaban Sarki Sallau. Ya ce, "Ranka ya daɗe, su cinikinsu suke yi, ni kuwa raina ne a kujerar nan. 'Ya'yana ƙanana ne. Duk wanda aka ɗaura, ni zan fara sanin ko ƙarya ne."

Sarki shi kansa ya san inda gaskiya take, amma in ya faɗa da baki za a ce ya yi son kai, in kuma ya bari aka gwada a tsauni, da ran Tanimu za a gwada. Can ya tara jama'a ya ce, "Na Barau za a fara ɗaurawa, tunda shi kuka fi so. Sai dai wannan mota ba a gwada ta wofi, domin wofi ba ta taɓa gazawa ba. Ran gwaji mai turbo zai kwanta a makara, a rufe ƙofa, a hau da shi da irin tafiyar da ake yi da gawa. Wanda ya amince da kayansa, iyakarta ya ga maƙabarta ya dawo."

Barau ya yi dariya, amma dariyar a leɓe ta tsaya. Ba halin ya janye a gaban mutane. Aka shigar da motar rumfar Sarki aka kulle, ba wanda ya ga aikin sai Sarki da Tanimu.

Ranar gwaji, bayan azahar, Barau ya cire hula da takalmi ya miƙe a makara. Aka rufe ƙofa. Duhu ya rufe shi alhali da rana ne. Ƙamshin kafur da ganyen magarya ya shige masa hanci, makara na ƙara a ƙarƙashinsa duk lokacin da taya ta faɗa rami. Aka yi ta tafiya sannu sannu, aka yi ta kwana, har ya daina gane inda aka dosa. Sai ya ji gaban motar ya ɗaga. Ya kasa kunne ko zai ji fiton turbo, bai ji komai ba sai nishin inji, kuma ya fi kowa sanin dalili. Motar ta tsaya. Sannan ta fara ja da baya, kaɗan, kaɗan.

Mutanen garin ba su taɓa jin an buga ƙofar motar nan daga ciki ba. Da bugun ya fara, wallahi wasu har takalma suka bari. Sarki ya matso a natse, ya tambayi wanda ke ciki me yake so.

"Ku buɗe! Ba zai tashi ba, na babbar mota ne! Ilu ya faɗi gaskiya, ku buɗe ni!"

Aka buɗe. Ashe ko kusa da tsauni ba a je ba. Zagayen gareji Tanimu ya yi ta yi, ya hau tudun da ake wanke motoci a kai, ya taka kuloci motar ta silalo baya. Turbon Barau kuwa yana can rumfa a ƙarƙashin buhu, ko noti ɗaya ba a ɗaura ba. Barau ya fito jiƙe da gumi, bai iya kallon kowa ba. Har ya bar garin yana rantsuwa cewa da motar ta fara ja baya, ya ji wani a gefensa ya matsa ya ba shi wuri. Allah ne masani.

Aka ɗaura na Ilu, aka sassauta masa ƙarfi daidai da abin da tsohon injin zai ɗauka. Sarki bai yafe masa sharaɗin ba. Ilu ya yi alwala, ya kwanta, aka rufe. Wannan karon tsaunin gaske aka nufa, jama'a na biye da duwatsu a hannu. Tun daga gindin hawan wani siririn fito ya tashi, motar ta yi ta hawa a hankali, ta wuce wurin nan ba ta ko yi tari ba, har ƙofar maƙabarta.

Sarki ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya sake, shiru. Da aka buɗe, ga Ilu kwance, ido biyu, yana kallon rufin mota. Ya tashi zaune ya ce a bar shi ya sauka da ƙafa, don kwanciya ɗaya ta rage masa a motar nan kuma ba ya gaggawa. Tanimu ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka kamar yaro, ba wanda ya hana shi.

Shi ya sa masu hankali ba sa auna ƙarfi da girma, sai da nauyin da za a ɗauka da irin tafiyar da za a yi. Kuma duk mai yi maka rantsuwa a kan kayan da zai sa ka hau, ka fara ba shi wurin kwanciya a ciki, sannan ka saurari abin da zai ce.