Magatakarda Bagudu da Manzo Bebe

Na rantse da rawanin kakana, ba za ku yarda da wannan ba, amma ku saurara.

A zamanin da an yi wani Sarki wanda magatakardansa ya rasu, ya sa aka yi shela a nemo mai karanta masa wasiƙu. Sai ga Bagudu, sarkin cika baki, wanda ya gudu daga makaranta tun yana babbaƙu, bai kai ga wasali ba. Ya naɗa rawani ya ce daga gabas ya yi karatu. Aka ba shi aikin.

Dabararsa ɗaya ce. In manzo ya iso, sai ya ja shi zaure, ya dama masa fura, ya tatsi labarin bakinsa, sannan ya je gaban Sarki ya buɗe takarda yana gyaran murya. Shekara uku yana haka.

Ran nan Sarkin ƙetaren kogi ya aiko manzo, ashe bebe ne. Beben ya kwaikwayi tafiyar raƙumi, ya yi ta ɗiga yatsa a fuskarsa.

Bagudu ya dubi takarda ya ce, “Allah ya ba ka nasara, ayari ne ke tafe da murjani.”

Sarki ya ce, “A buɗe musu ƙofa!”

Da beben ya ga dogarai sun nufi ƙofa, ya faɗi yana kururuwa. Waziri, wanda tsufa ya cinye wa ido, ya ce, “Zaki, wannan ba kukan albishir ba ne. Yalwa, karɓo takardar.”

Yalwa jikarsa ce mai yi masa jagora, shekararta takwas. Ta ɗora yatsa, tana haɗa baƙi da wasali, tana tsayawa, tana komawa, har ta ce, “Ayarin... na ɗauke... da cutar agana. Kada... ku buɗe.”

Fada ta ɗauki salati! Aka ruga aka rufe ƙofa, raƙumin farko na tazarar jifa guda da ita.

Sarki ya miƙa wa Bagudu takardar ya ce, “Nuna mini kalma ɗaya.”

Bagudu ya zube. “A yi mini rai!”

Waziri ya ce, “In an sare kansa, jahilcin bai mutu ba.”

Sarki ya ce, “A kwance rawanin. Gobe ya zauna cikin yara, Yalwa ta biya masa. Ranar da ya karanta takardar nan, ranar zai fita daga garin nan.”

Har gemun Bagudu ya yi furfura yana nan yana koyon wasali.