Anti Ƙugiya da Banɗaki Mai Ƙofa Biyu

Akwai wata mata mai buga rubutu a wani ƙaramin kamfanin buga littattafai, kowa Anti Ƙugiya yake kiranta. Haruffan nan namu masu ƙugiya ne suka jawo mata sunan, wato ƙ da ɗ da ɓ. Shekararta goma sha tara a kan kujerar, kuma ko a jikin kwali ta ga an rubuta "kofa" maimakon "ƙofa", sai ta zaro jan biro daga jaka ta lanƙwasa wa harafin kai.

Ofishin falo ɗaya ne mai kwamfuta biyar. A kusurwa akwai wani baƙin akwati mai ƙyafta fitila da suke kira Rumbu. A cikinsa ake ajiye duk fayilolin aiki, kowa ya shiga ta kwamfutarsa ya buɗe wanda yake so. Kwamfuta huɗu iri ɗaya ne. Ta biyar, ta Mai Zane, sabuwa ce, tsarin da ke tafiyar da ita ma daban yake.

A lokacin suna haɗa littafin koyon karatu na 'yan aji ɗaya, wanda za a kai wa injin bugawa ranar Litinin. Anti na buga kalmomi, Mai Zane na saka hotuna.

Sai fayiloli suka fara lalacewa. Shafin da Anti ta gama lafiya lau da safe, bayan azahar a buɗe shi a tarar da alamomin tambaya da 'yan akwatuna sun cika shi. Wani fayil ɗin ma ƙememe yake ƙin buɗuwa. Sau huɗu ana haka cikin mako biyu.

Manaja ya kira Injiniyan da ya haɗa musu Rumbu. Mutum ne mai waya biyu da tarin makullai da yake kaɗawa a yatsa, kuma idan yana magana sama da kan mutum yake kallo. Bai yi minti biyar a gaban kwamfutar ba ya buga tebur.

"Ga ɓarawon nan! Wa ke cusa waɗannan haruffan masu ƙahoni a sunan fayil da cikinsa? Kwamfuta ba ta san su ba. Su ke shaƙe Rumbu."

Anti ta sauke tabarau. "Injiniya, yanzu da bakinka ka ce ɓarawo, ba ka ce barawo ba. Me ya sa abin da bakinka ya iya zai gagari na'urarka? Shekara nawa ina sa su, ba su taɓa shaƙe kowa ba."

"Anti, wannan ba zancen jan biro ba ne. Ki bar wa masu ilimin abin."

Washegari, Laraba, ta tarar da takarda a kan tebur. Manaja ya rubuta cewa ta "bata" aikin ofis, don haka ta cire ƙugiya daga duk littafin kafin Juma'a, ko ta bar kujerar ga wanda zai iya.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Amma ta karanta takardar har ƙarshe, ta zaro jan biro, ta sa wa "bata" ƙugiyarta, ta kai wa Manaja har ofishinsa.

"Yallaɓai, na gyara maka kuskure ɗaya. Sauran kuskuren ba na biro ba ne."

"Anti, kada ki ja da ni. Masani ya yi magana."

"Shafi na tara hoton ƙura ne ta tashi a bayan mota. In na cire ƙugiya, yaro zai karanta kura, ya yi ta neman dabba a hoton. Ba da hannuna za a koya wa 'ya'yan mutane ƙarya ba. Ita ma ƙaryar, cire mata ƙugiya ka ji me ta koma."

Ta juya ta fito abinta.

Da yamma a gida, maigidanta, wanda kafinta ne, yana zaune a tsakar gida yana wasa zarto, sai ta ba shi labari. Ya ce, "Uwar yara, ki bi su a hankali. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki cire musu, in abin ya kwaɓe su suka jiyo."

"Ai ni ce mai ɗakin," in ji ta. "Ni nake zaune a ƙarƙashin yoyon. In na cire, na yarda ke nan laifina ne. A kore ni da gaskiyata ya fi."

Ta faɗi haka da ƙarfi, amma a ranta tana jin tsoro. A shekarunta, wa zai ɗauke ta sabon aiki? Kuma ita kanta ba ta san abin da ke lalata fayilolin ba.

Ranar Alhamis da hantsi ta tashi zuwa banɗaki. To, banɗakin ofishin nan ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta falo, ɗaya ta ofishin Manaja. Duk sabon ma'aikaci sai ya sha kunya sau ɗaya kafin ya koyi darasi. Shi ya sa aka manna takarda a bango, wadda Anti ce ma ta buga ta: "Ka sa sakata a ƙofa biyun."

Ta tsaya tana kallon rubutun nan kamar yau ta fara ganinsa.

Ta tuna cewa duk lokacin da take cikin fayil, idan Sakatariyar ofishin ta so buɗe shi, kwamfutar Sakatariya kan ce akwai mutum a ciki, sai dai ta karanta kawai. Amma shekaranjiya Mai Zane ya ɗago kai ya ce mata, "Anti, na gyara hoton shafi na tara," alhali a daidai lokacin tana cikin shafi na tara. Kuma ranar ce shafin ya lalace.

Ta fito ko hannu ba ta gama gogewa ba. "Ƙanena, idan ina cikin fayil ka zo buɗewa, kwamfutarka na ce maka da mutum a ciki?"

Mai Zane ya sosa ƙeya. "Wallahi Anti ba ta taɓa ce min komai ba. Shiga kawai nake yi."

Ranar Juma'a Injiniya ya iso yana kaɗa makullai, ya zo ganin ko an bi umarninsa. Manaja ya fito ya tsaya. Anti ba ta cire ƙugiya ko ɗaya ba.

"Yallaɓai, kafin in tattara kayana, ina roƙon minti goma."

Ta buɗe sabon fayil a Rumbu, ta sa masa suna "kura", ta cika shi da rubutun da babu ƙugiya ko ta magani. Ta ce wa Sakatariya ta buɗe. Kwamfutar ta hana ta, ta ce da mutum a ciki. Ta ce wa Mai Zane ya buɗe. Ya shige sumul. Ita tana rubutu, shi yana saka hoto, suka danna ajiya kusan tare. Da aka sake buɗewa, sai ga alamomin tambaya da 'yan akwatuna reras.

"Ga kura ta mutu, kuma ba ƙugiya ce ta kashe ta ba," in ji Anti.

Sannan ta buɗe wani, ta kira shi "ƙura", ta zuba masa ƙ da ɗ da ɓ har ya cika. Ta ce kowa ya shiga, amma ɗaya bayan ɗaya. Aka buɗe shi sau goma, ko ɗigo bai motsa ba.

Ta juya ga Injiniya. "Ni ban yi karatunka ba. Amma Rumbun nan banɗakinmu ne. Mu huɗu ta ƙofa ɗaya muke shiga, muna sa sakata. Shi wannan bawan Allah ka buɗe masa wata ƙofar ta baya da ba ta san da sakatarmu ba. Mutum biyu a ciki lokaci guda, me kake jira ban da ɓarna?"

Sakatariya ta toshe baki da gyale. Makullan Injiniya suka daina kaɗawa.

Ya zauna ya duba. Ashe ranar da ya haɗa sabuwar kwamfutar, ta wata hanya daban ya shigar da ita Rumbu, wai don ta fi sauri, kuma hanyoyin biyu ba sa sanar da juna cewa an kulle fayil. Ya rufe waccan hanyar, ya dawo da ita kan wadda sauran ke bi. Mai Zane ya gwada buɗe fayil ɗin da Anti ke ciki, kwamfutarsa ta ce ya dakata, da mutum.

Shafukan da suka lalace kuwa, Anti na da kwafinsu na takarda a aljihun tebur, don ba ta taɓa yarda da Rumbu ɗari bisa ɗari ba. A ranar ta sake buga su, littafi ya tafi ranar Litinin da ƙugiyoyinsa cif.

Manaja ya so ya wuce da "to, a yi haƙuri" na baki. Anti ta ce a'a, da takarda aka zarge ta, da takarda za a wanke ta, kuma wanda ya ɗora mata laifin shi zai buga.

Injiniya ya zauna a kujerarta ya fara bugawa. Can ya tsaya, ya lalubi madannan sama da ƙasa, sannan ya ɗago kai. Wannan karon idonta ya kalla.

"Anti... ina ake samo ƙ ɗin haƙuri?"

Ta gyara tabarau, ta ja kujera kusa da shi. "Matsa in nuna maka, ɗana."

Darasi: Kada ka sa hannu a kan laifin da ba naka ba don kawai mai zarginka ya fi ka takardu. Ka tsaya a kan gaskiyarka, amma ka nemo hujjar da ido zai gani. Kai kuma masani, ka saurari wanda ya daɗe a kan aikin kafin ka yanke hukunci. Ku tura wa duk wanda ake rainawa a wurin aikinsa, ko zai ji ƙarfin gwiwa.