Ranar Da Aka Bar Thaddeus A Bakin Titin Kubwa

Akwai wani ma'aikacin gwamnatin tarayya a Abuja mai suna Abdulmajeed. Abin ya faru ne a shekarun da garin ke ta bunƙasa, duk inda ka waiga gini ake yi. Abdulmajeed ya samu ƙarin girma a ofis, amma lafiyarsa ta ja baya. Likita ya ce masa hawan jini ya kama shi, in bai fara motsa jiki ba ya kuka da kansa.

Wanda ya ɗora shi a kan keke shi ne Thaddeus, mutumin Kagoro mai shagon fenti da tayil a Kubwa. Sun saba ne tun lokacin da Abdulmajeed ke gina gidansa. Thaddeus ya girme shi, mutum ne mai jiki, ba ya sauri a keke, amma ba ya fashin fita.

Duk Asabar da safe sai su hau hanyar Ushafa mai tudu. Fitarsu ta farko, ko rabin hawan Abdulmajeed bai kai ba ya sauka yana haki kamar zai shiɗe. Thaddeus ma ya sauka, suka tura kekunan tare har sama. Haka ya yi ta yi masa wata da watanni, bai taɓa nuna ƙosawa ba.

Da ƙafar Abdulmajeed ta yi ƙwari, sai Thaddeus ya kawo shawara. Ya ce su tashi daga Kubwa a kan keke har Jos. Su bi ta Bwari, su faɗa Jere, su wuce Kwoi da Kafanchan, su huta a Kagoro gidan yayarsa Rosemary, sannan su hau dutsen Filato.

Kusan shekara suka yi suna shiri. Abdulmajeed ya tara hutunsa na ofis. Thaddeus ya riƙa zuwa tasha yana tambayar direbobi inda hanya ta lalace da inda za a samu masauki. Suka sayi tub na taya da famfo da jakunkunan ɗaurawa a bayan keke, suka riƙa gwada hawan Ushafa da kaya. Suka zaɓi ƙarshen damina, lokacin da daji ke kore. Matar Thaddeus, Mabel, ta yarda za ta riƙe shago. Can Kagoro kuwa Rosemary ta ware akuya tana kiwo, har ta yi magana da mahauci Musulmi zai yanka, don Abdulmajeed ya ci hankali kwance.

Ana cikin haka sai ga Uthman. Abokin aikin Abdulmajeed ne, ya dawo daga wani kwas a ƙasar waje da keken da yatsa ɗaya ke ɗagawa. Ya ji labarin tafiyar ya ce da shi za a yi, ya kawo abokansa biyu.

Ranar da suka fara fita gwaji tare, su huɗu suka isa saman hawan suka tsaya jiran Thaddeus. Can ya ɓullo yana takawa a hankali, gumi ya jiƙe masa riga. Uthman ya ja tsaki.

"Wai da wannan tsohon za mu hau Filato? Wallahi a daji zai sa mu kwana."

Abdulmajeed ya ji kunya ta rufe shi a gaban sababbin abokai. Da Thaddeus ya ƙaraso, sai ya ɗaure fuska ya ce, "Bari in faɗa tun yanzu. A wannan tafiyar babu jira. Duk wanda ya gaza ya nemi mota ya koma gida."

Thaddeus ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne.

Uthman bai bar maganar ba. Kullum a ofis sai ya sake tayar da ita, har Abdulmajeed ya yarda da abin da bai kamata ya yarda da shi ba. An tsayar da Litinin da safe za a haɗu a bakin titin Kubwa. Sai su huɗun suka tashi ranar Lahadi, daidai lokacin da Thaddeus ke coci. Abdulmajeed ya ce wa matarsa Nafeesa an matso da ranar ne kawai, ya kashe wayarsa.

Ranar Litinin tun da sassafe Thaddeus na bakin titi, kekensa ɗaure da kaya, ga dambun nama da Mabel ta yi wa tafiyar. Motocin ma'aikata suka cika suka wuce cikin gari. Rana ta ɗaga. Ya yi ta kiran wayar Abdulmajeed, a kashe. Hankalinsa ya tashi, ya zaci ko hatsari ne, ya tura Mabel gidan Abdulmajeed ta dubo.

"Maman Kauthar, lafiya? Baban Jennifer na titi tun safe, maigidanki bai zo ba."

Nafeesa ta zaro ido. "Wane titi? Ai tun jiya suka tafi. Ba tare suke ba?"

Mabel ta tsaya kamar an dasa ta. Sai ta ajiye jakarta a ƙasa.

"Tun jiya? Mijina yana coci suka gudu? Mutumin da ya tura keke da mijinki lokacin da ko numfashi ba ya iyawa? Ya rufe ido ya bar mini shago, yayarsa tana can tana share ɗaki, shi kuma yana tsaye a rana kamar mahaukaci, yana addu'a kar wani abu ya samu abokinsa!"

Takaici ya kama Nafeesa. Suna nan a haka wayarta ta yi ƙara. Abdulmajeed ne.

Muryarsa a shaƙe take. A wani gangare tsakanin Jere da Kwoi, bayan an ɗan yi yayyafi, tayarsa ta zame ya faɗi. Gwiwarsa ta kumbura, ƙafar keken ta lanƙwashe. Uthman ya duba shi, ya ce su ba za su ɓata tafiyarsu ba, ai Abdulmajeed da bakinsa ya ce babu jira. Suka jingina shi a rumfar wata mai gasa masara suka wuce. Motocin haya kuma duk a cike suke zuwa, babu mai tsayawa.

"Ki ga rashin imanin mutanen nan!" yana faɗa yana huci. "Su bar ni a daji kamar kare!"

"Rashin imani?" in ji Nafeesa. "Abban Kauthar, kai ne yau kake maganar rashin imani? Ga Maman Jennifer nan a gabana. Ka san inda mijinta yake tun safe?"

Mabel ta fizge wayar.

"Alhaji, ka ji daɗin zama a bakin hanya? Ka zauna nan ka jira masu keken tsada su dawo su ɗauke ka!"

Ta kashe. Ta koma Kubwa ta zayyana wa mijinta komai, ta ce in ya taka ƙafarsa ya je, ita ba ta yafe ba. Thaddeus ya kwance jakunkunan daga kan keke ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama, ya ɗauki makullin motar da yake kai kaya.

"Ina za ka?"

"Ƙafarsa ta kumbura, ke kika faɗa. In ta lalace, matarsa da 'yarsa za su sha wahalar, su kuma ba su yi mini komai ba."

Da la'asar ya samu Abdulmajeed a rumfar mai masara. Ya cicciɓe shi ya sa a gaban mota, ya jefa keken a baya. Da suka yi nisa, Abdulmajeed ya ce, "Ka yi haƙuri, Uthman ne ya matsa..."

Thaddeus ya taka birki, motar ta tsaya cak.

"Kar ka kira mini sunan Uthman! Uthman bai san ni ba, bai ci abinci a gidana ba. Da ka zo shago ka ce, Thaddeus, ba ka da sauri, ka bari sai wani lokaci, wallahi da na ji zafi, amma da na gode maka. Sai ka jira na shiga coci ka sulale kamar ɓarawo. Na tsaya a titi ina lissafa asibitoci a raina, ashe kai kana can kana dariya. Me zan ce wa yayata?"

Abdulmajeed ya sunkuyar da kai. Thaddeus ya ja motar, sai asibiti.

Ƙashin gwiwar ya tsage, Abdulmajeed ya yi makonni a kwance. Uthman da abokansa sun isa Jos, sun dawo suna nuna hotuna a ofis, amma ko ɗayansu bai leƙo ya duba shi ba. Nafeesa na jinyarsa, amma ta daɗe ba ta sake masa fuska ba.

Da ya fara takawa da sanda, ya sa aka kai shi Kubwa. Ya tarar da Thaddeus a shago yana auna wa wani tayil. Ya jira har mai sayen ya fita, ya matso yana shirin magana.

Thaddeus ya ɗago ya dube shi, babu fushi a fuskarsa, babu murmushi.

"Sannu da zuwa, oga. Me za a ba ka?"

Tunda suke bai taɓa kiransa oga ba. Abdulmajeed ya tsaya riƙe da sandarsa. Ya gane cewa Thaddeus ya yafe masa har ya cece shi, amma abotar ta tafi ke nan.

Darasi: Kada sababbin abokai su sa ka ji kunyar wanda ya jira ka lokacin da kake baya. In akwai magana mai ɗaci, ka faɗa masa ido da ido, kar ka yaudare shi. Mutumin kirki zai iya taimakonka bayan ka cuce shi, amma ba dole ne ya sake buɗe maka zuciyarsa ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ke shirin barin wani a bakin hanya.