Ɓera Ya Ci Waya, Direba Ya Sha Zagi

An yi wani mutum a wani gari, bawan Allah, bakanike, ana ce masa Sallau. Ba shi da komai sai rumfar kwano da 'yar na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Rabin abincin gidansa daga motocin wani attajiri yake fitowa, Alhaji Barmo.

Ran nan sai ga Alhaji yana huci, tsohon direbansa Tanimu na biye, kai a sunkuye. Wai fitilar inji ce ta kama, mai ruwan ɗorawar nan ta gaban sitiyari. To ku saurara. Tun ba a buɗe bonet ba, Alhaji ya gama shari'a. A ƙofar masallaci, gaban jama'a, ya ce Tanimu na zuƙe mai yana ɗura gurɓatacce. Ɓarawo ya kira shi. Mutum da furfurarsa, da 'ya'yansa, da surukansa. Wallahi abin da ciwo.

Sallau ya jona na'ura, ta nuna sansa, wato ɗan abin da ke shinshina hayaƙin salansa ya kai wa inji labari. Ya kutsa ƙarƙashi, ya tarar an gaigaye wayar, ga ɓawon gyaɗa a wurin.

Ya ja Alhaji gefe. "Ranka ya daɗe, mai lafiya lau yake. Ina motar ke kwana?"

"Garejina mana, inda nake ajiye buhunan gyaɗa."

"To ɓeranka ne ya ci waya."

Alhaji ya ce, "Ɗaure ta. In an tambaye ka, ka ce mai ne. Na riga na faɗa gaban mutane, ni ba na lashe amaina."

Kun ji fa. Girman kansa ya fi mutuncin dattijo tsada.

Sallau ya ce, "Alhaji, waya ina da salatif ɗinta. Sunan mutum in ya tsinke, ban san mai ɗaure shi ba."

"Motocina fa?"

"Naka ne, kai su inda ka ga dama."

Ya kira Tanimu, ya ɗaga wayar kowa na gani. "Baba Tanimu, ga aikin ɓarawon. Kai hannunka fes."

Kada ku zaci Alhaji ya ji kunya. Ya kwashe motocinsa, ya sallami Tanimu, gidan Sallau aka koma cin tuwo sau ɗaya. Amma Tanimu, da ya fara sallah a ɗaki don kunya, ya dawo sahun gaba ranar Juma'a.

Jama'a, shaidar gaskiya tana da tsada, amma ɓoye ta zalunci ne. Mu nawa ne nan muka ɓata wa wani suna, gaskiya ta fito, muka yi gum? Gara ka lashe amanka a duniya da a ɗora maka haƙƙin bawan Allah gobe. Wanda ya san akwai wanda ya taɓa zagi a kan ƙarya, to in an sallame, ya san ƙofar da zai nufa.